Kwalbar Magani: yadda aikin gajeren fim ɗinmu ke tafiya

6 ga Janairu

Yau na rufe rubutun labarin karo na biyu, shafi 17, tunda shafi ɗaya yakan tashi kusan minti ɗaya a sikirin toh fim ɗin zai kama minti sha bakwai ko sha takwas kenan. Na ce bari in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, don abubuwa suna ta canzawa a hannuna kuma bayan sati biyu sai in manta dalilin da ya sa na cire wani sin, wato fitowa ɗaya a cikin fim, na bar wani.

Labarin a taƙaice, mutum uku ne a gida ɗaya. Tsoho mai ciwon zuciya yana kwance, babbar 'yarsa ce ke jinyarsa shekara da shekaru, sai ƙaninta da ya daɗe ba ya gida ya dawo ya karɓi ba da maganin dare don ta samu ta riƙa runtsawa. Tun dawowarsa jikin tsohon ke ja da baya. Ita ta fara zargin ƙanin nata ba ya ba da maganin, kuma da gangan. Alhali tsohon ne da kansa ke maƙale ƙwayar a kumatu, in an fita ya tofo ta ya tura cikin rigar filo, saboda shi ma ya fara jin tsoron 'ya'yan nasa. A yadda na rubuta yanzu sai a shafi na 16 ake gane haka, ta zo canza rigar filo ƙwayoyi su zubo ƙasa. Wannan wurin shi ne ya sa na fara rubuta fim ɗin gaba ɗaya, ina sonsa sosai.

15 ga Janairu

Mun zauna mu biyar mun karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Da aka zo wurin zubowar ƙwayoyin kowa ya ce kai, na ji daɗi har cikin raina. Sai mai kyamararmu, wanda ya girme ni kuma ya riga ni shiga harkar da nisa, ya ajiye takardarsa ya ce "Darakta, ƙarshen ya yi, amma daga shafi na huɗu zuwa na sha biyar ni me nake jira?" Na buɗe baki in ba shi amsa na rasa. Na ce ai ana zargin ƙanin ne, ya ce eh yayar ce ke zarginsa, shi mai kallo yana gefe yana kallon mace tana zargi, bai san komai ba da zai sa gabansa ya faɗi.

Maganar ta zauna min. Da na koma na sake duba misalin nan da daraktan fina-finai Alfred Hitchcock ya bayar a doguwar hirar da daraktan Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a Faransa a 1966. Mutum biyu suna zaune a tebur suna hira ta banza, kwatsam bam ya tashi, mai kallo ya razana na kamar sakan sha biyar shikenan ya wuce. Amma a nuna masa an dasa bam ɗin ƙarƙashin tebur, ya san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, toh wannan hirar ta banza ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido daga kai ba na tsawon minti sha biyar, har ji yake kamar ya yi musu ihu su tashi. Na san misalin nan tun ba yau ba, har ina faɗa wa mutane, amma da na zo nawa labarin sai na ƙanƙame sirrin har shafi na 16 don ina son a ce kai.

19 ga Janairu

Kwana huɗu ina juya abin. Na ɗauko sin ɗin filo daga ƙarshe na kawo shi shafi na 3. Ya yi min ciwo wallahi, amma yana zuwa nan sai labarin ya fara buɗe wasu ƙofofi da ban san da su ba.

Tsorona na farko shi ne in mai kallo ya ga tsohon ne ke ɓoye magani ai ƙanin ya wanku, zargi ya mutu kenan. Ashe ba haka ba ne, zargin wuri kawai ya canza. Yanzu mai kallo ya ga tsoho ya tofo ƙwaya ya ɓoye yana kallon ƙofar da ɗansa ya fita, tambayar da za ta zo masa ita ce me wannan bawan Allah ya sani da mu ba mu sani ba? Sai na ƙara abu ɗaya ƙarami, ƙanin ne ya je sayo sabuwar kwalba kuma ƙwayoyin ciki launinsu ya bambanta da na da, farare ne da, yanzu ruwan ɗorawa. Magani ɗaya ne, kamfanin da ya yi shi ne daban, abu ne da ke faruwa kullum kuma duk wanda ya taɓa jinya ya sani. Amma tsohon da ya yi shekaru yana haɗiyar farar ƙwaya, ɗansa ya dawo sati ɗaya ƙwaya ta canza launi, ai dole zuciyarsa ta raya masa wani abu, kuma mai kallo ma tasa za ta raya masa.

Sannan bam ɗin kansa. Yayar tunda ta yarda ƙanin ba ya ba da magani, sai ta yanke shawarar ta riƙa murƙushe ƙwaya da cokali a ɓoye tana zubawa a ruwan da take ajiye wa Baba a gefen gado. A wannan daren kuma ƙanin ya gano abin da ke cikin filon, ya zauna ya lallashi uban, ya nuna masa takardar kwalbar, har tsohon ya haɗiye ta gaske a karon farko. Ita ba ta san ya haɗiya ba, shi bai san ta zuba a ruwa ba, tsohon bai san komai ba sai ƙishirwa da yake ji. Mai kallo kaɗai ya san cewa in ya sha ruwan nan ya sha maganin zuciya ninki biyu. Kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne babu mugu ko ɗaya a ɗakin, kowa don ƙauna yake yin abin da yake yi. Na rubuta shafi shida a zama ɗaya.

28 ga Janairu

Mun samu gidan da za mu yi ɗauka, ɗaki biyu da dogon lungu a tsakani, lungun nan zai mana aiki. Na sa an nemo agogon bango mai ƙara. Ƙarfe goma ne lokacin maganin dare, kuma na maimaita shi sau biyu a bakin mutum biyu daban tun a minti ukun farko don ya zauna a kan mai kallo ba tare da ya ji ana karantar da shi ba. Dabarar tsohuwa ce, fim ɗin High Noon na 1952 kusan duk a kan agogo ya tsaya, jirgin ƙasa zai iso sha biyun rana kuma lokacin cikin fim yana tafiya kusan daidai da na mai kallo. Mu minti shidan ƙarshe kawai za mu yi haka.

9 ga Fabrairu

Kwana biyu da fara ɗauka. Matsala ɗaya babba, jarumin da ke fitowa a ƙanin ya karanta labarin ya fahimci ana son a zarge shi, sai ya zo da shirinsa, yana ƙanƙance ido yana jan magana yana wani kallo ta gefe. Yaro ne mai ƙoƙari kuma da zuciya ɗaya ya yi, amma da na kalli abin da muka ɗauka da dare sai na ga ya kashe sin ɗin, don duk wanda ya saba kallon irin waɗannan fina-finan da ya ga an cika nuna masa mutum da yatsa zai ce toh ba shi ba ne, yaudarata ake son yi.

Da safe na ja shi gefe na ba shi labarin gwajin Lev Kuleshov, wani mai shirya fim a Rasha wajajen 1920. Ya ɗauki hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin ba dariya ba ɓacin rai, ya haɗa ta da kwanon miya a wani wuri, a wani wurin kuma da akwatin gawa, masu kallo suka riƙa yabon yadda ya nuna yunwa a nan ya nuna baƙin ciki a can, alhali fuskar guda ɗaya ce aka maimaita. Na ce masa ƙanena kai dai ka zama ɗan da ke son babansa, ka buɗe kwalba kamar yadda za ka buɗe ta a gida, ka rufe ƙofa a hankali don kar ka tashi mara lafiya, sauran ka bar min a wurin editin, wato tace fim. Ya ce "Yanzu kenan kar in yi komai?" Na ce ka yi gaskiya kawai. Ɗauka ta huɗu ya saki jikinsa, ya juya wa kyamara baya yana ƙirga ƙwaya a tafin hannu, mai sauti da ya san labarin tun daga tushe ya ce shi fa yaron nan ya fara ba shi tsoro.

Dokar da na kafa wa kaina daga yau, duk abin da ƙanin zai yi a fim ɗin nan sai ya kasance yana da fassara biyu, ta mugunta da ta alheri, kuma in an sake kallo karo na biyu ta alherin ta tsaya da ƙafarta. Rufe ƙofa, fita waje amsa waya da murya ƙasa-ƙasa, tambayar da ya yi mata "Yaya, takardun gidan nan suna ina?" wadda daga baya za a gane asibiti ne suka nemi wata takarda da ke cikin jakar.

11 ga Fabrairu

Sin ɗin kofin ruwa. A fim ɗin Suspicion na 1941 jarumi Cary Grant yana hawa bene da kofin madara zai kai wa matarsa, Hitchcock ya sa ƙaramar fitila a cikin madarar don idon mai kallo ya manne a kai. Mu ruwa ne a kofin gilashi ba wurin ɓoye fitila, sai mai kyamara ya saka wata 'yar ƙarama a bayan littattafan da ke kan durowa tana haska kofin ta baya. Farko ya yi yawa kamar tallar ruwan roba, muka rage muka sake ragewa har ya zama in ba an faɗa maka ba ba za ka ce akwai haske ba, amma duk inda idonka ya je a ɗakin sai ya dawo kan kofin. Na so mu yi ta kawo kyamara kusa da kofin, ya ce a'a mu bar shi a gefen hoto, mutane suna magana a tsakiya shi yana can yana jira. Shi ya yi daidai.

24 ga Fabrairu

An gama ɗauka ranar 14. Yankan farko, wato haɗa hotunan da na yi karo na farko, ya tashi minti 23, ya yi tsawo.

Yau awa biyar na yi a kan sin guda, inda tsohon ke miƙa hannu zuwa kofin. Hoto 24 ne a sakan ɗaya, kuma sai yanzu na yarda cewa hoto goma sha biyu, rabin sakan kenan, yana iya gyara sin ko ya ɓata shi. In na yanke da wuri hannun ya isa kofin kafin gaban mai kallo ya gama faɗuwa, in na ja da yawa kuma sai ya ankara cewa ja masa rai ake yi ya saki jiki. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne katsewa, hannun ya kusa taɓa kofin sai tari ya sarƙe shi ya janye, mu koma lungu inda yaya da ƙani suke cacar baki ƙasa-ƙasa, ita tana cewa "Ka kalle ni ka ce ka ba shi," shi yana cewa "Wallahi Yaya yau a gabana ya haɗiye," kuma mai kallo yana jin kalmar da za ta ceci tsohon tana yawo a tsakaninsu amma ita ba ta yarda da shi ba balle ta faɗi abin da ta zuba a ruwa, mu dawo ɗaki hannun ya sake tashi. Wannan kai-komo tsakanin wuri biyu ya girmi fim mai magana ma, darakta D. W. Griffith ya yi shi a fim ɗin The Lonely Villa tun 1909, ɓarayi suna fasa ƙofa uwa da 'ya'yanta suna ciki miji yana hanya yana gudu. Abin da na lura da shi a nawa shi ne kowace komawa sai ta fi ta baya gajarta, na fara da sakan ashirin a lungu, sannan sha biyu, sannan bakwai, sannan uku, numfashin mai kallo yana bin wannan lissafin ko bai sani ba.

5 ga Maris

Sauti. Wanda ya yi mana kiɗa ya turo abu mai kyau, na shimfiɗa shi a ƙarƙashin minti shidan ƙarshe gaba ɗaya, na kalla sai na ji kamar wani yana tsaye a bayana yana ce min ji tsoro, ji tsoro. Kiɗa yana iya ɗaukar fim a ka, wannan ba musu, a Jaws na 1975, fim a kan ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roban da suka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri har ya zama ba a cika nuna shi ba sai can gaba, sautuka biyu na mai kiɗa John Williams su suka riƙa sanar da cewa ya iso. A Psycho na 1960 ma Hitchcock da farko ba ya son kiɗa a sin ɗin da aka kashe mace tana wanka, mai kiɗa Bernard Herrmann ne ya rubuta kukan gogen nan ya sa ya canza ra'ayi. Amma namu ɗaki ne na mara lafiya da dare, abin tsoron da ke ciki ƙarami ne kuma shiru ne abincinsa.

Na cire kiɗan daga wurin duka. Na bar agogo, numfashin tsohon, da ƙarar bayan cokali yana murƙushe ƙwaya a kan faranti wadda muka sake ɗauka daban da makirfo a kusa sosai. Allah ya taimake mu mai sauti ya tsayar da kowa ranar ƙarshe ya ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, lokacin mutane suna ta ƙorafin gajiya, yau ga shi da shi nake cike duk wani gibi, don shirun da babu komai a cikinsa kwata-kwata kunne yana jinsa kamar na'ura ce ta lalace. Kuma a daidai lokacin da yatsunsa suka taɓa kofin na ɗauke ƙarar agogon ma. Kiɗan na mayar da shi farkon fim da wurin sunaye, na kira mai kiɗan na yi masa bayani da kaina don kar ya ji wani iri, ya fahimta.

14 ga Maris

Na tara mutum shida da ba su san labarin ba na nuna musu, minti 19 yanzu. A minti na tara na tsayar na ba kowa takarda ya rubuta wanda yake zargi ba tare da ya yi magana da na kusa da shi ba. Huɗu suka rubuta ƙanin, ɗaya ta rubuta yayar wai ta cika nuna damuwa, ɗaya ya ce tsohon ne ke shirya wani abu. Wannan rabuwar ita nake nema. A sin ɗin kofi kuwa wata baiwar Allah ta dafe ƙirji ta ce "Kar ka sha!" da ƙarfi, sai da na juya baya don idona ya kawo ruwa.

Amma sun kama ni a wuri biyu. Akwai wani hoto na sakan biyu inda ƙanin ke murmushi shi kaɗai a gaban madubi bayan ya fito daga ɗakin uban, ragowar ɗaukar ranar farko ce, na saka don ya ƙara zafi duk da na san ya karya dokar da na kafa. Ɗaya daga cikinsu ya ce toh in yaron nan ba shi da mugun nufi murmushin me yake yi a lokacin da babansa ke wannan halin, ya ce ya ji kamar an cuce shi. Gaskiya ya faɗa, ba ni da fassara ta biyu da zan ba wannan murmushin, na cire shi a daren. Na biyu kuma durowar da yayar ke kullewa da makulli tana ratayawa a wuya, na nuna ta sau biyu ban taɓa buɗe ta ba, mutum uku suka tambaye ni me ke ciki. Maganar nan ce da ake jingina wa marubucin wasan kwaikwayo Anton Chekhov, in ka rataye bindiga a bango a farkon wasa toh sai an harba ta kafin a tashi. Ko dai in buɗe durowar ko in cire ta, kuma ina ganin buɗewa zan yi, nan ne za ta ajiye ragowar tsofaffin fararen ƙwayoyin da take murƙushewa.

20 ga Maris

Ƙarshen ne ya hana ni barci. A yadda muka ɗauka tsohon ya sha ruwan, allo ya yi baƙi, sai ƙarar kofi a ƙasa. Cikin mutum shidan nan biyu sun tashi ransu a ɓace, ba irin ɓacin ran da fim mai kyau ke sawa ba, irin na wanda aka sa ya yi minti shida yana roƙo a zuciyarsa sannan aka yi banza da roƙon. Hitchcock ya taɓa shiga wannan, a Sabotage na 1936 ya ɗora wa yaro ƙunshin bam bai sani ba, ya ja zullumin har cikin motar bas sannan ya bar bam ɗin ya tashi da yaron, daga baya da bakinsa ya ce kuskure ya yi. Mai kyamara yana ganin mu bar namu yadda yake, wai rayuwa ma haka take yi wani lokacin. Ni kuma abin da ke damuna shi ne fim ɗin a kan zargi yake, ba a kan mutuwa ba, kuma in tsohon ya mutu ba wanda zai tuna cewa kalma ɗaya ce ta gagari yaya da ƙani a lungu.

Abin da na rubuta jiya da dare shi ne ya ɗaga kofin har bakinsa, sai ya hango farin gari-gari a ƙasan ruwan, ya tsaya. Ya tsira kenan, amma ta hanyar da ta fi kowace muni a gare ta, don yanzu ya samu hujja a hannunsa kuma a kan 'yar da ta yi shekaru tana jinyarsa. Ta shigo da gudu ƙanin yana bayanta, ya kalle ta da kofin a hannu, ta ce "Baba," shikenan.

Zai buƙaci mu koma gidan na rabin yini, hoto biyar ne, ƙasan kofin daga sama, idonsa, shigowarta, buɗe durowa, da hannun ƙanin yana karɓar kofin, wannan na ƙarshen har yanzu ina tunanin ko in sa ko in bari. Jarumar ta ce tana da sarari ranar 29, mai gidan ya amince, saura in ji daga dattijon da ya fito a Baba. Kuma dole a gwada wane irin gari ne zai kwanta a ƙasan ruwa ya fito a kyamara ba tare da ya narke ba, gobe zan gwada da alli.